Malam Edita, a ba ni fili in ba da labarin golan da aka taɓa kira matsoraci

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon mai karatunku ne tun ina gida Kano, yanzu kuma neman abinci ya jefo ni Montreal ta ƙasar Kanada an fi shekara goma, amma har gobe a waya nake bin ku, musamman shafin wasanni. To a kan shafin nan ne ma nake da ɗan ƙorafi, kullum Firimiya da Laliga, sai Super Eagles in sun tashi ba mu hawan jini, sai ɗan dambe can a ƙasan shafi. Ban ce a daina ba fa, ni kaina ɗan Arsenal ne, babu irin wahalar da ba mu sha ba. Amma duniya da faɗi take ranka ya daɗe, akwai labarai a wasu wasannin da ko mutum bai taɓa kallonsu ba zai ƙaru.

Abin da ya tunzura ni kuwa musu ne ya ɓarke a gurup ɗinmu na gida a WhatsApp kan takunkumin da Victor Osimhen yake sawa a fuska. Kowa dai ya san tun watan Nuwamba na 2021 da suka yi karo da Skriniar a wasan Napoli da Inter ƙasusuwan fuskarsa suka karye aka yi masa tiyata yake sa abin nan. Sai wani ƙanena ya ce ai ciwo ya daɗe da warkewa, yanzu gayu ne kawai, wani kuma ya ce namiji ba ya ɓoye fuska a fili. Ni dai dariya na yi ni kaɗai a cikin mota, don a garin nan da nake zaune an fara wannan musun tun 1959 kuma an daɗe da gama shi, kuma wanda aka yi a kansa sunansa Jacques Plante, a bakin mutanen nan masu Faransanci za ka ji kamar Jak Plant.

Sai na ɗan yi bayanin wasan tukuna don na san da yawa ba su taɓa gani ba. Ƙwallon gora ne amma a kan ƙanƙara, su hoki suke ce masa. Mutum shida-shida ne har da gola, kowa da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa yana sulɓi da shi, ana yin zango uku na minti 20-20. Ragar ƙarama ce, faɗinta ƙafa 6 tsayinta ƙafa 4. Abin da ake bugawa kuma ba ƙwallo ba ne mai iska, wata baƙar roba ce shafaffiya mai tauri, faɗin inci 3 kaurin inci 1, nauyinta wajen giram 170, kuma don ƙarin mugunta sai an sa ta a firiza ta daskare kafin a fara wasa don kada ta riƙa tsalle. Fak suke kiranta. Ranar da na fara riƙe ta a hannu na ce wannan ai dutsen guga ne aka rage wa girma. Masu ƙarfin hannu a yanzu suna ƙwaɗa ta ta wuce gudun kilomita 160 a awa. To aikin gola shi ne ya tsaya gaban wannan abu ya tare. Yadda Kano take ranar da Pillars ke gida, to haka Montreal take da ƙungiyarta Canadiens, sai dai su abin nasu ya haɗa har da tsofaffin mata.

Yanzu Malam Edita ka ɗauka a ranka cewa shekara da shekaru masu tsaron raga a babbar gasarsu ta NHL da fuska a buɗe suke tsayawa. Ba hula ba komai. Akwai wani Clint Benedict da ya gwada wani na fata a 1930 bayan an fasa masa hanci, wasa kaɗan ya yi da shi ya jefar. Akwai Terry Sawchuk na Detroit da aka ƙiyasta ɗinkin da aka yi masa a fuska ya kai 400. Akwai Glenn Hall da ya buga wasa 502 a jere bai huta ko ɗaya ba, babu komai a fuskarsa, kuma sanannen abu ne cewa amai yake yi kafin ya fita wasa. Waɗannan su ne mazan, su ake nuna wa yara.

Shi Plante an haife shi ranar 17 ga Janairu 1929 a lardin Quebec, ya tashi a Shawinigan, garin ma'aikatu. Shi ne babba a cikin 'ya'ya 11, gidan talakawa ne sosai, mahaifinsa da buhun dankali da katako ya haɗa masa abin kare ƙafa na farko. Ga shi da ciwon asma tun yana yaro, ba ya iya dogon gudu a kan ƙanƙara, shi ya sa ma ya koma raga. Mahaifiyarsa ta koya masa saƙa, shi yake saƙa hular sanyinsa da kansa, kuma bai daina ba har ya girma ya yi suna, kana iya ganin ƙaton gola a otal ana jibi wasan ƙarshe yana zaune da zare da allura. Da ya shigo Canadiens a kakar 1952-53 rigimarsa ta farko da koci Dick Irvin a kan hular nan ce ma, shi yana so ya sa ta a wasa koci ya ce a'a. Ka ga tun farko mutum ne da ba ya jin kunyar a gan shi daban.

Kuma ya iya aikin, ba cika baki ba. Ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar NHL, a 1953, sannan suka ci biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, abin da har yau babu ƙungiyar da ta sake yi, yana tare da su Maurice Richard da Jean Béliveau da Doug Harvey. A duk shekarun nan biyar shi ya ɗauki kyautar Vezina ta masu tsaron raga. Kafin shi gola tsayawa yake a bakin ragarsa kamar an dasa shi, shi ne ya mayar da fita al'ada, ya zagaya bayan raga (a hoki ana wasa har bayan raga) ya tsayar da fak ya ajiye wa 'yan bayansa, yana ta yi musu ihu yana gaya musu wa ke tafe ta ina. 'Yan kallo hankalinsu ya riƙa tashi, kocinsa ma haka. Duk wanda ya ga yadda aka yi ta surutu lokacin da Manuel Neuer yake fitowa har tsakiyar fili zai gane abin da nake nufi.

To ana cikin haka a wajen atisaye 'yan ƙungiyarsa da kansu suka karya masa ƙashin kumatu, na dama a wata shekara na hagu a shekarar da ta biyo. Sai ya fara sa abin rufe fuska a atisaye kawai. Daga baya wani mai suna Bill Burchmore da ke aiki a kamfanin faiba ya auna fuskarsa ya zuba masa wani na faiba daidai ita, fari fat da ramukan ido da baki, in ka ga hotonsa da dare sai ka yi a'uziyya. Amma koci Toe Blake ya ce ba a wasa ba. Hujjarsa wai zai tare masa gani, ba zai ga fak in ta zo gindin ƙafarsa ba. Ni a ganina akwai wata hujjar a ƙasa da ba a faɗa da ƙarfi, wato me mutane za su ce, golan zakarun duniya ya fito yana ɓoye fuska.

Ranar 1 ga Nuwamba 1959 suna New York a filin Madison Square Garden suna karawa da Rangers. Minti uku da farawa Andy Bathgate ya ɗago fak ta sami Plante a fuska, ta tsaga shi daga gefen baki zuwa hanci, jini ya wanke masa riga, aka fita da shi. Daga baya ma shi Bathgate ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ɗaga ta don yana jin haushin wani kayarwa da Plante ya yi masa. A nan ne abin yake da daɗin ji. A zamanin ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar kuma ba a tafiya da golan benci, in naka ya ji ciwo sai dai a tsayar da wasa a ɗinke shi ya dawo, ko a nemo wani ɗan gari daga cikin masu kallo ya tsaya muku. Aka yi wa Plante ɗinki bakwai, wasa yana tsaye wajen minti 20, sai ya dubi Blake ya ce ba zai koma ba sai da takunkuminsa. Blake ya duba hagu ya duba dama babu kowa. Dole ta sa ya yarda, da sharaɗin in ciwo ya warke za a cire. Plante ya fito da farar fuskar nan da jini a rigarsa, suka ci 3-1.

Ciwo ya warke, mutumin ya ƙi cirewa. Kuma Allah da ikonsa ƙungiyar ta yi ta tafiya ba a doke ta ba har sai da aka lissafa wasa 18 a jere, to wa zai buɗe baki. A watan Maris na 1960 Blake ya sake matsa masa ya fita babu shi a wasa da Detroit, aka lallasa su 3-0, washegari takunkumi ya dawo kuma bai sake fita ba. A ƙarshen kakar suka ɗau kofi.

Kada ka ɗauka daga nan aka tafa masa. An kira shi matsoraci a jaridu da bakin 'yan kallo da ma wasu 'yan'uwansa masu tsaron raga. Amsar da ake yawan danganta masa ita ce ya tambaye su, wanda ya diro daga jirgin sama babu lema jarumi ne? Akwai Gump Worsley wanda ma da shi aka yi musayar Plante a 1963 aka tura shi Rangers, shi cewa yake fuskarsa ita ce takunkuminsa, bai sa ba sai a wasanninsa na ƙarshe a 1974. A shekarar ce kuma Andy Brown na Pittsburgh ya zama na ƙarshe da ya tsaya raga a NHL da fuska a buɗe. Lissafa ka gani, shekara 15 ke nan tsakanin daren New York da ranar da maganar ta mutu. Su kuwa sauran 'yan wasan da ba gola ba sai da Bill Masterton na Minnesota ya faɗi kansa ya bugi ƙanƙara ya mutu a Janairun 1968, duk da haka ba a tilasta hular kwano ba sai 1979, kuma ga sababbin shiga kawai, har sai 1997 Craig MacTavish yana yawo da kai a buɗe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, duk golan nan suna jin tsoron fak ɗin, babu wanda ba ya ji, wanda yake amai kafin wasa ai ba daɗi ne ya yi masa yawa ba. Kowa ya san gaskiya a cikinsa, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfin tsoron karaya. Plante kaɗai ne ya iya tsayawa a gaban kocin da ke iya korarsa, a gaban dubban mutane a garin da ba nasa ba, ya ce ni dai ina son fuskata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ya yi dabara, bai yi rigimar ba sai ranar da ya san babu yadda za a yi da shi, kuma yana kan ganiyarsa, da wani ɗan sabon shiga ne ya gwada da tuni an sallame shi. A kakar 1961-62 da takunkumin nasa ya buga duka wasanni 70 ya ɗauki kyautar Hart ta gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya, abin da ba kasafai gola ke samu ba.

Ba zan ɓoye ba, an ce mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya shiga cikin 'yan'uwa sosai, ga riƙon kuɗi, ga asmar nan da takan sa ya ce ba zai iya wasa ba a ƙurarren lokaci har Blake ya gaji da shi, abin da ya taimaka aka rabu ke nan. A New York abubuwa ba su yi kyau ba, ya ajiye wasa a 1965 ya koma tallan kayan kamfanin giya na Molson. A ƙarshen shekarar aka roƙe shi ya tsaya wa matasan Canadiens a wasa da tawagar Tarayyar Sobiyet, suka ci 2-1. Sai ga shi ya dawo a 1968 yana da shekara 39 a St. Louis, shi da Glenn Hall ɗin nan suka raba Vezina a 1969, ta bakwai ke nan gare shi. A wasan ƙarshe na 1970 da Boston wata fak da Fred Stanfield ya ƙwaɗo ta goge sandar Phil Esposito ta same shi a goshi, takunkumin ya tsage, shi kuma ya suma sai asibiti. Da ya farfaɗo ya ce ba don abin nan ba da ya mutu. Daga nan Toronto, inda yana da shekara 42 ya fi kowane gola a gasar ƙarancin shan ci, sai Boston, sai ya ƙare a Edmonton a 1975 yana da 46. Ya buɗe kamfanin yin takunkumi a garin Magog, ya koyar da gola Bernie Parent wanda ya ci kofi biyu da Philadelphia, har golan Sobiyet Vladislav Tretiak ya je ya ba wa shawara kafin wasan farko na karawar Kanada da Sobiyet a 1972, su kuwa Sobiyet suka ci 7-3 a nan Montreal, wani dattijo maƙwabcina har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Ya rasu a Geneva ta Suwizalan ranar 27 ga Fabrairu 1986, kansar ciki, yana da shekara 57. Lambarsa 1 tana rataye a saman filin ƙungiyar, Bell Centre, babu mai sake sa ta a Canadiens.

'Yan Chelsea da 'yan'uwana 'yan Arsenal ku matso, akwai naku a ciki. Petr Cech da kuka sani da hular nan tun da kansa ya fashe a wasan Reading a Oktoban 2006, bayan ya ajiye ƙwallo a 2019 ina kuke tsammani ya nufa? Ragar hoki. Ya tsaya wa Guildford Phoenix a Ingila, cikin cikakken takunkumi irin jikokin na Plante. Ban taɓa jin wanda ya ce Cech matsoraci ne ba.

Kuma kada in zauna a ƙasar mutane ina yi wa Turawa dariya, don na tuna farkon 2009 da aka ce dole 'yan acaɓa su sa hular kwano, na ga masu ɗaura ƙwarya a ka da idona a Kano, mu fasinjoji kuma muna cewa ba za mu sa hular da wani ya yi gumi a ciki ba, wasu na cewa ana asiri da ita. Ni ma ban sa ba, kuma ba gumin ne ya hana ni ba, kada 'yan majalisarmu su gan ni ne su yi min dariya.

Dalilin da ya sa na san duk wannan tarihin kuwa, ɗana ne na biyu, a nan aka haife shi, shekararsa 10, ya tashi ya ce shi gola zai zama. Uwarsa ta ce sam, ni ma da farko na ce ina laifin ƙwallon ƙafa da takalmi ɗaya ya ishe ka, don kayan golan hoki ko na hannu ne sai aljihunka ya yi kuka, ga na ƙafa ga na ƙirji ga safar hannu iri biyu ga abin kare wuya. Ranar da muka je gwajin hular, mai wayar ƙarfe a gaba wadda ta rufe kai gaba ɗaya, dattijon nan maƙwabcina ne ya raka mu, shi ya zaunar da yaron ya ba shi labarin daren 1959, ya ce yana yaro a lokacin kuma mahaifinsa na cikin masu cewa Plante ya ba da maza. Da uwar ta ɗauki hular ta ƙwanƙwasa ta ji taurinta sannan ta ce to a je, amma har yau ba ta zuwa kallo, tana gida da carbi. Ni nake kai shi ƙarfe shida na safe ranar Asabar cikin sanyin da ke sa gemu ya daskare, ina zaune da shayi a fulas, duk fak ɗin da ta daki wayar fuskarsa ta yi ƙara sai cikina ya juya, shi kuwa ko a jikinsa.

Roƙona Malam Edita, ko sau ɗaya a wata a ware ɗan lungu a shafin wasanni don irin waɗannan labaran na wasannin da ba mu saba ba, akwai Hausawa a ƙasashe da yawa da za su iya aiko muku, ni ma in an ba ni dama akwai na Grant Fuhr a hannuna, baƙar fata da ya ci kofi biyar da Edmonton. Sannan don Allah masana Hausa na Jami'ar Bayero da sauran masu karatu a taimaka min da sunan da ya dace da fak ɗin nan, na ce faifai yaron ya ce ba faifai ba ce, na ce ƙwallo ya ce ba ta gangarawa, kakarsa kuma in sun yi waya tambayarsa take ya wasan dutsen.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan Kano mazaunin Montreal, Kanada